Mahaucin da Bai San Gaɓa Ba: Ƙararmu a Kan Masu Feɗe Adireshin Intanet

Ya ku 'yan'uwanmu ɗalibai, da wuya ɗayanmu ya wayi gari ya kai faɗuwar rana bai danna adireshin intanet ba, ko don ya duba sakamakon jarrabawa, ko ya biya kuɗin makaranta, ko ya ji labarin gida. Amma ƙalilan ne cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu, shin wa ke karanta wannan adireshi kafin na'ura ta tashi ta tafi inda aka aike ta? Wata 'yar manhaja ce, wadda aikinta shi ne ta kama adireshi ta feɗe shi gaɓa-gaɓa, ta ce wannan shi ne sunan gida, wannan ita ce ƙofa, wannan kuwa ɗakin da ake nufi. Ita ce muka raɗa wa suna mafeɗi. Kowane mafeɗi yana da mashigar da masu rubuta manhaja ke bi su miƙa masa adireshi, su karɓi gaɓoɓinsa. Yadda aka tsara wannan mashiga, watau abin da take karɓa, da abin da take ƙi, da irin amsar da take mayarwa, shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami yau.

Ƙararmu ɗaya ce, amma wuƙa ce mai baki biyu. Muna tuhumar da yawa daga cikin masu tsara waɗannan mashigai da cewa sun yi laushi a inda ya kamata su yi tauri, sa'an nan sun yi tauri a inda ya kamata su yi laushi. Gurgun adireshi da ɓarawo ya ƙera da gangan, sun shimfiɗa masa tabarma. Lafiyayyen harafin Hausa mai ƙugiya kuwa, sun bar shi a zaure yana ta sallama babu mai amsawa.

Kafin mu kai ga shaida, bari mu kwantar da dabbar mu nuna gaɓoɓinta. Ga misali: https://www.example.com:8080/labarai/yau?shafi=2#sama. Kalmar farko, kafin ruwa biyu, ita ce hanyar da za a bi. Abin da ya biyo bayan sanda jirge biyu shi ne sunan masauki, watau kwamfutar da za a je wurinta. Lambar 8080 ita ce ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Daga nan sai turba zuwa ɗakin da ake nema, sai tambayar da ke bayan alamar tambaya, sai kuma guntun ƙarshe, wanda ba a ma aika shi ko'ina, burawuza ce ke riƙe shi don ta san inda za ta tsaya a cikin shafi. Cikin dukan waɗannan gaɓoɓi, sunan masauki shi ne zuciya. Wanda ya kuskure shi ya kai saƙon Kano Katsina.

Asalin rikicin tsoho ne. Tim Berners-Lee ya kawo shawarar saƙar gizo a cibiyar CERN da ke kusa da Janiba a 1989. A watan Disamba na 1994 aka fitar da takardar RFC 1738 mai bayyana siffar adireshi, aka sake ta a 1998, kana a watan Janairu na 2005 aka fitar da RFC 3986, wadda ita ce ƙa'idar ƙungiyar IETF har yau. To, amma masu ƙera burawuza ba su taɓa bin ta sau da ƙafa ba. Saboda haka ƙungiyarsu ta WHATWG, wadda aka kafa a 2004, ta rubuta tata ƙa'idar, wadda ke bayyana abin da burawuza ke yi a zahiri, har da miyagun ɗabi'un da ta gada. Hausawa sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya, amma ga shi adireshin intanet yana ƙarƙashin sarakuna biyu, kowane da alƙalansa. Daniel Stenberg, mai manhajar curl, ya yi kuka a kan wannan rarrabuwa tun 2016, kuma har yanzu ba a ɗinke ɓarakar ba.

A ƙarƙashin wannan duka akwai wata tsohuwar wasiyya ta Jon Postel, wadda ta shiga takardun intanet a 1980. Ma'anarta ita ce na'ura ta kiyaye ƙa'ida a abin da take aikawa, amma ta yi haƙuri da abin da aka aiko mata. Ba mu raina Postel ba. A zamaninsa intanet ƙauye ne na malaman jami'a da masu bincike, kowa ya san kowa, kuma wanda ya aiko gurgun saƙo kuskure ya yi. Yau intanet kasuwa ce mai cike da 'yan sane, kuma mai aiko gurgun adireshi sau da yawa ya san abin da yake yi. Haƙurin da ya dace da zaman ƙauye, in aka kai shi tashar mota sunansa sakarci.

Ku dubi irin haƙurin da ake yi. A ƙa'idar WHATWG, in an saka alamar sabon layi a tsakiyar adireshi, mafeɗi zai tsince ta ya yar, ya ci gaba kamar ba a yi kome ba. In an juya sanda jirge ta koma ta baya, zai miƙe ta da kansa. In an sa sanda huɗu a maimakon biyu, zai haɗiye. In an rubuta 2130706433 a gurbin sunan masauki, zai lissafa ya ce ai 127.0.0.1 ake nufi, watau ita kanta kwamfutar da ke karatun. Mafeɗin da ke bin RFC 3986 kuwa, wani ya ƙi waɗannan, wani ya karanta su wata fuska dabam. Adireshi ɗaya, fassara biyu.

Mai karatu zai ce, to mene ne a ciki? Ga abin da ke ciki. A kusan kowace babbar manhaja akwai mai gadi, akwai ɗan aike. Mai gadi shi ke duba adireshi ya ce wannan gida an yarda a je, wancan ba a yarda ba. Ɗan aike shi ke ɗaukar adireshin ya tafi. In mai gadi da ɗan aike ba makaranta ɗaya suka yi ba, sai ɓarawo ya rubuta adireshin da mai gadi zai karanta a matsayin gidan aminci, ɗan aike kuwa ya karanta shi a matsayin ɗakin ajiyar maigida, ya shiga ya kwaso ya miƙa wa ɓarawon. Hausawa sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba tatsuniya muke yi ba. A 2017, a taron Black Hat na Amurka, wani mai binciken tsaro ɗan Taiwan da aka sani da Orange Tsai ya nuna adireshi guda wanda taskokin manhaja uku na harshen Python suka karanta, kowace ta fito da masauki dabam. A watan Disamba na 2021, lokacin da aka gano babbar ɓarakar Log4j, gyaran farko da aka yi shi ne a duba sunan masauki kafin a tafi. Ba a yi kwanaki ba aka tsallake shi, ta hanyar cusa alamar guntu a tsakiyar adireshi, har mai gadi ya ga gida ɗaya, ɗan aike ya tafi wani. A farkon 2022 kamfanonin Claroty da Snyk suka gwada taskoki 16 na feɗe adireshi, suka fito da ɓaraka 8. A 2023 aka bayyana cewa a mafeɗin Python, in aka sa fili kawai a gaban adireshi, ana iya wuce jerin gidajen da aka haramta. Fili, jama'a, abin da ido ma ba ya gani!

Akwai kuma wadda ta fi kusa da aljihun talaka. Tsohuwar siffar adireshi ta yarda a rubuta sunan mai shiga kafin sunan masauki, a raba su da alamar @. Saboda haka https://banki.example@mugu.example ba banki za shi kai ka ba, gidan mugu za shi kai ka, sunan bankin ado ne kurum. Tun 2004 kamfanin Microsoft ya cire wannan daga burawuzarsa ta Internet Explorer saboda yawan damfara. Amma har gobe ɗalibin da ya duba adireshi ta hanyar tambayar ko ya fara da sunan banki, ya faɗa rami, kuma ya ja duk mai amfani da manhajarsa a ciki.

A nan ne muke ɗora laifi a wuyan masu tsara mashiga, domin mashiga ita ke koya wa mai aiki ɗabi'a. Takardun Python da kansu sun faɗi cewa mafeɗinsu ba ya tantance ingancin abin da aka ba shi: ka miƙa masa shara, ya yanka ta kashi-kashi ya miƙo maka da ladabi. Tsohon mafeɗin Node.js ya yi sassauci har masu shi suka gargaɗi jama'a su bar shi su koma sabo. Na Java kuwa ya zo da abin al'ajabi: in ka tambaye shi ko adireshi biyu daidai suke, sai ya fita intanet ya nemi lambar kowane masauki kafin ya ba ka amsa, har amsar yau ta iya saɓa wa ta gobe. An kawo wani ajin da ya fi shi hankali a 2002, amma sai a 2023 aka yi wa hanyoyin ƙirƙirar tsohon alamar a daina. Shekara ashirin da ɗaya ana kiwon kura a cikin garke! In manyan malaman sana'a sun yi haka, ina laifin ɗan koyo?

Yanzu mu juya wuƙar mu ga ɗaya bakin. Adireshin intanet an gina shi ne a kan ASCII, jerin alamomi 128 da aka tsara a Amurka cikin shekarun 1960 don bukatun Ingilishi. Babu ɓ a ciki, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Waɗannan haruffa kuwa ba kwalliya ba ce. Tun shekarun 1930 aka tsayar da masu ƙugiya a rubutun boko, domin su ne ke raba fada da faɗa, da baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da kare da ƙare. Wanda ya cire ƙugiya ya mai da fadar sarki filin dambe.

Kada wani ya ce mana fasaha ce ta gaza, don magani yana nan tuntuni. A cikin turba da tambaya, ana mai da harafi zuwa lambobinsa na UTF-8, a sa wa kowace alamar kashi cikin ɗari: ƙ ta zama %C6%99, ɗ ta zama %C9%97, ɓ ta zama %C9%93. A sunan masauki kuwa akwai dabarar Punycode tun 2003, wadda ke lulluɓe sunan da haruffan Ingilishi bayan alamar xn--. A 2005 aka fitar da RFC 3987 don adireshi mai haruffan duniya. A watan Mayu na 2010 Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka sami sunayen ƙasashensu a intanet da rubutun Larabci. Jamusawa ma sun ga an gyara ƙa'ida har harafinsu ß ya tsaya da ƙafarsa, aka daina mai da shi ss dole. Ashe hanya a buɗe take ga wanda ya san darajar harshensa.

To, me ke faruwa da namu? Ku ɗauki kanun labari da ake mayarwa adireshi. Dabarar da aka saba ita ce a warware kowane harafi, a raba shi da alamar da ke kansa, a zubar da duk abin da ba ASCII ba. Harafin é na Faransanci yana warwaruwa, ya bar e a baya, kalma ta tsira. Amma a tsarin Unicode ƙ da ɗ da ɓ ba su warwaruwa, kowane harafi ne cikakke mai zaman kansa, saboda haka sai a zubar da shi ɗungurungum. Haka aikin da ke yin wannan a Django yake yi in ba a kunna masa wani zaɓi na musamman ba. Sai ƙasa ta koma asa, ɗalibi ya koma alibi, ɓarawo ya koma arawo. Alamar hamza ma ba ta tsira ba, jama'a ta zama jamaa. Wani wurin kuma a lulluɓe harafi sau biyu, %C6%99 ta zama %25C6%2599, mahaɗi ya mutu, mai karatu ya tarar da shafi babu kowa. Wani fom ɗin kuma da ya ga ƙugiya sai ya ce adireshi ba daidai ba ne, alhali shi ne bai yi karatu ba.

Sakamakon wannan kuwa ya wuce na'ura. Marubucin da ya ga ƙugiya tana kashe masa mahaɗi zai daina sa ta a kanu, gobe ya daina sa ta a cikin labari, jibi yaran da ke koyon karatu a waya su tashi ba su san akwai ta ba. Abin da Turawan mulki ba su yi wa rubutunmu ba, sai ga shi layi biyu na manhaja suna yi masa a ɓoye, mu kuwa muna tafa musu.

Mun san abin da masu kare wannan hali za su ce, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Na farko za su ce, in aka tsananta, tsofaffin shafuka masu ɗimbin yawa da aka rubuta da gurguwar siffa za su daina buɗuwa. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce burawuza ta kori tsohuwar da ta manta sanda jirge ɗaya ba. Abin da muke cewa shi ne sassauci ya zama ƙofa ta dabam, mai suna a goshinta, wadda sai mai rubuta manhaja ya nema da bakinsa. Ƙa'idar WHATWG da kanta ta lissafa kurakuran da mafeɗi ke gani ya wuce, amma mashigar da ta ba masu rubuta manhajar shafuka ba ta faɗa musu an ga ko ɗaya. Mahaucin da ya tarar da cuta a hanta ya yanke ya yar, ya sayar da saura bai ce uffan ba, ba mu kiransa mai kirki.

Na biyu za su ce, ai ƙ ta yi kama da k, ɗ ta yi kama da d, ɗan damfara zai yi amfani da su ya kwaikwayi sunan banki. Wannan ma haɗari ne na gaske. A 2017 Xudong Zheng ya yi rajistar suna da haruffan Sirilik zalla, wanda a ido ba ya da bambanci da apple.com. Amma me aka yi? An kori haruffan Rashawa daga intanet? Ko kusa. Masu burawuza suka gyara yadda suke nuna suna, in ya yi kama da na yaudara sai su tone shi su nuna siffarsa ta xn--. Maganin yana wurin nunawa da wurin rajista. Kuma wannan tsoro duka a kan sunan masauki yake, bai shafi turba ba, inda nan ne aka fi yi wa haruffanmu kisan gilla. Ba a ƙona rumbu don ɓera.

Saboda haka ga bukatunmu ga duk mai tsara mashigar adireshi, ko a Kalifoniya yake ko a ɗakin kwanan ɗalibai.

Na ɗaya, ya faɗi a fili wace ƙa'ida yake bi, ta IETF ko ta WHATWG, ya kuma bi ta har ƙarshe. Mai bin rabin wannan da rabin waccan ya ƙirƙiro sarki na uku.

Na biyu, a feɗe adireshi sau ɗaya tak. Abin da mafeɗi ya mayar ya zama ƙunshi mai gaɓoɓi, wanda ba ya sauyawa bayan an ɗaure shi, kuma shi ɗin ne za a miƙa wa mai gadi, shi ne za a miƙa wa ɗan aike. Kada a sake mai da shi jerin haruffa a tsakaninsu.

Na uku, in adireshi gurgu ne, mafeɗi ya yi ihu. Taskar url ta harshen Rust tana mayar da amsa wadda dole mai aiki ya buɗe ya ga ko nasara ce ko kuskure kafin ya taɓa abin da ke ciki. Manhajar curl ta fito da tata mashigar a 2018, don mai amfani da ita ya duba adireshi da mafeɗin da zai yi tafiyar. Ga misalai nan, ba sai an yi istihara ba.

Na huɗu, a ba mai aiki hanyar gina adireshi gaɓa-gaɓa, mashiga ta ɗauki nauyin lulluɓe haruffa da kanta, ta kuma bambance wanda aka riga aka lulluɓe da wanda yake tsirara. Manna adireshi da hannu kamar ana liƙa takarda da ƙaro, shi ne uwar yawancin ɓarna.

Na biyar, mafeɗi ya tsaya a fawarsa. Kada ya fita intanet a ɓoye don an tambaye shi ko abu biyu daidai suke.

Na shida, kowane adireshi ya kasance da fuska biyu da za a iya nema: ta na'ura, da ta ɗan Adam. Harafin da ya shiga da ƙugiyarsa ya fito da ƙugiyarsa. In kuwa tilas sai an sauke shi zuwa ASCII, to ƙ ta sauka a kan k, kada a shafe ta kamar ba a taɓa haihuwarta ba.

Sauran magana tamu ce, mu ɗalibai. Yawancin waɗannan taskoki a buɗe suke, kowa na iya karanta cikinsu, ya kai ƙara, ya aika gyara. Ma'ajiyar gwaje-gwajen web-platform-tests, wadda masu burawuza ke auna kansu da ita, tana da dogon jerin adireshin gwaji, kuma ba a tambayar fasfo kafin a karɓi gudummawa. Wanda ya tsara mafeɗi a wata ƙasa bai taɓa jin kalmar ƙanƙara ba, ba kuwa zai yi mafarkinta ba. In mu da muka sha ta a nono ba mu kai ta ba, wa zai kai? Kowane ɗalibi da ke aikin kammala digiri ya sa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ da hamza cikin gwajinsa, ya sa adireshi mai alamar @, da mai fili a gaba, da mai sanda ta baya, ya ga abin da manhajarsa za ta yi. Muna kuma roƙon malamanmu, cikin ladabi, su daina ba da maki ga aikin da ya yanka adireshi da almakashi a kan sanda jirge, ko da ya yi aiki ranar gwaji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gobe mu ne za mu rubuta manhajar asibiti, da ta banki, da ta hukumar jarrabawa. Manomin da zai danna mahaɗi a wayarsa bai san RFC ba, bai san WHATWG ba, ya dai ba da amana cewa inda aka rubuta can za a kai shi, kuma sunan garinsu zai fito yadda iyayensa suka kira shi. Wannan amana a hannunmu za ta faɗo. Allah ya ba mu ikon riƙe ta.